Makullin Bahago

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Baba ka daɗe, Baba ina ci gaba", ku sassauta min. Kwana tara na yi a gadon asibiti. Wani likita ɗan jiya ya ja 'ya'yana gefe yana musu magana ƙasa-ƙasa, a rana ta goma na sauko na sa takalmina da kaina. Karo na uku ke nan ina ba su kunya. Ban taɓa zama a aji ba, rubutun nan ma da furfurata na koye shi, amma abin da idona ya gani ba ya cikin littafin kowa. Masu roƙon in tausaya wa Mai Makulli, ku yi haƙuri. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

A shago muka tsaya.

Mama Tela ba ta zauna ba. Tana tsaye a tsakiyar shagon mijinta Mai Makulli, ta dogara da sanda saboda gwiwar nan tata, almakashin da ta kawo a wasa mata yana hannunta ta manta da shi. Idonta na kan kabad ɗin ƙarfe da ke bayan injin yankan makulli. Wani ƙyalle ne shuɗi ya leƙo ta ƙasan murfin, faɗinsa bai kai yatsa biyu ba.

"Buɗe min, Malam."

Mai Makulli ya ci gaba da goge kanta da tsumma, kantar da ko ƙura babu a kanta.

"Tarkace ne a ciki. Tsofaffin ƙarafa."

"Tsofaffin ƙarafan da na yi wa kalmasa da hannuna?"

"Ke dai kawo almakashin, rana na yi."

"Shekara talatin da biyu ina kan keke. Ko a bola na ga ɗinkina zan gane shi. Buɗe."

Ya ajiye tsumman. Mutumin da ake ɗauka a mota ya je ya buɗe akwatin ajiyar manya in makulli ya ɓata, yau sai da ya kuskure ramin kabad ɗinsa sau biyu.

Leda huɗu ne a jere, kowace da ɗaurin da ta yi mata.

Wata bakwai ke nan da aka kai ɗansu Bahago gidan gyaran hali a bayan gari, saboda maganin tari da ƙwayoyi sun cinye shi. Duk ƙarshen wata sai ta ɗinka masa riga, ta haɗa da sabulu da safa, uban ya ɗauka ya tafi ziyara, don ya ce mata ba a barin mata shiga. Da yamma ya dawo mata da gaisuwa.

Ta kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa rigunan a kan kanta, babbar a ƙasa, mai bi mata a kai, har zuwa ƙaramar. Kowace ta fi ta samanta faɗi da inci ɗaya. Ko karin gugar bai baje ba.

"Yana ina?"

"Zauna tukuna, ƙafarki..."

"Rabu da ƙafata. Yana ina?"

"Ba ya can."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Ta kalli rigunan kamar tana jira su ƙaryata shi.

"To wa yake cewa a gaishe ni?"

Ya juya fuska wajen injin.

"Wa ya ce shuɗiyar ta matse shi a hammata? Wa ya ce ya yi kumatu har ba zan gane shi ba? Ina can ina ƙara inci, ina gaya wa maƙwabta ɗana ya murmure. Ashe a bakinka yake ƙiba, Malam."

"Na ga kina barci in na faɗa miki haka."

"Ina kake kai ledar?"

"Tashar mota. Ƙarƙashin gada. Bayan kasuwa inda suke taruwa. Asibitoci." Ya dubi kabad ɗin. "Ɗakin ajiye gawa sau biyu. In yamma ta yi in kawo ta nan in kulle, in wanke fuska, in taho gida."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Kai ne fa mai bugun ƙirji ka san hannun duk wani mai yankan makulli a garin nan. Har 'yan sanda ke kawo maka makullin ɓarayi ka duba ka gaya musu wa ya yanka. Ɗanka ƙwaya ɗaya ne ya gagare ka?"

"Ya gagare ni."

"Gidan da ka ce katangarsa ta fi ta kurkuku, ta ina ya fita?"

"Ta ƙofa."

"Ba a kulle take ba?"

"A kulle. Da mariƙin bokiti ya buɗe ta." Ya kalli hannuwansa. "Kubar ɗakin ni na sa ta. Irin wadda na koya masa buɗewa ne tun yana ɗan shekara goma sha uku. Ita ce mafi ƙarfi a shagon nan, ita na zaɓa. Ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba."

Mama Tela ta ajiye almakashin a hankali.

"Me ya kai ka sa kuba a ɗakinsa? Ka ce min da ƙafarsa ya shiga. Ka ce kun yi magana a mota, ya yarda, har ya ce a roƙa masa gafarata."

Mai Makulli ya jawo kujerar aikinsa ya zauna.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, ni da na yi sana'a goma sha ɗaya a rayuwata ba wanda zai koya min. In za a sa wa ƙofa kuba, mutum biyu sun fi sauri. Ɗaya ya tsaya ta ciki ya danne ƙarfen da tafinsa, ɗaya ta waje ya ɗaure. In an gama sai a rufe ƙofar, na waje ya murɗa makulli a gwada. Na ciki ya tambaya, ya kama? Na waje ya ce ya kama, sannan ya buɗe masa. Haka uban nan da ɗansa suka yi a ƙofofin da ba za su ƙirgu ba.

"Ce masa na yi aiki muka samu," in ji Mai Makulli. "Ƙofa shida a wani babban gida. Ya ji daɗi. Rabon da in tafi da shi aiki an fi shekara. Shi ya ɗauki jakar kayan, ya hana ni riƙewa. A mota har yana ba ni labarin wani sabon injin da ya gani, wai in ya daina shan abin nan mu sayo."

"Sai me?"

"Sai na ce shiga ka riƙe min ta ciki."

Ta dafa kantar.

"Ya shiga. Ya danne da kyau, ko motsi ƙarfen bai yi ba. Na ɗaure. Na ja ƙofa. Na murɗa sau biyu. Ya ce, Baba, ya kama?"

"Ka ce me?"

"Na ce ya kama. Na zare makullin na miƙa wa mai gadinsu."

Wata mota ta wuce a titi da kiɗa. Mai gyaran waya na shagon gefe yana gardamar ƙwallo da wani.

"Bai buga ƙofar ba da farko," ya ci gaba, kamar wanda aka kunna ya kasa tsayawa. "Ya ɗauka wasa ne. Ina tafiya ina jin yana cewa, to Baba buɗe mana, akwai saura biyar. Har na kai bakin get ina jin saura biyar ɗin nan."

Ya jira ta zage shi. Ya so ta zage shi. Ita kuwa sai ta zame a hankali ta zauna a bencin masu jira, sandar ta faɗi ba ta ɗauka ba.

"Ni na goge masa rigar aikin ranar," ta ce.

"Ba laifinki ba ne."

"Kada ka raba min laifi, kai ba alƙali ba ne. Na san inda za ka kai shi. Jakar kayansa ni na haɗa na ba direban motar da za ta kai ku tun da safe. Ya zo ɗakin girki ya ce Mama yau Baba zai tafi da ni aiki, yana murna kamar yaron da aka saya wa takalmi. Na ƙara masa madara a shayi. Na ce ka taimaki babanka da kyau."

"Ya sayar miki da kan keken ɗinki. Ya ture ki a kan matakala."

"Bai gan ni ba ne. Idonsa ba ya gani ranar. Da na faɗi shi ya fi ni kuka."

"Ke kika ce in fitar miki da shi daga gidan."

"Na faɗa. Ina kwance da ƙafa a ɗaure na faɗa, sau ɗaya. Shekara nawa ina ce maka ka gyara famfon banɗaki ba ka ji ba? Wannan ɗin kuwa ka ji shi da kunne biyu."

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa, kuma ya san dalili. Tun ranar da yaron ya buɗe shagon wani maƙwabci, mutane suka fara ɗauke ƙafa. Mata su zo da makullin gida a hannu, su leƙa, in sun ga Bahago a bakin injin sai su ce au, mun yi mantuwa. Mai makulli ba shi da jarin da ya wuce a yarda da shi. Gwiwar matarsa hujja ce ya samu, ya kuma riƙe ta da hannu biyu.

Mama Tela ta share fuska da gefen mayafi. Can sai ta ɗago.

"Tsaya. Wata huɗu ka ce."

"E."

"Yaron da ko fushi ya yi ya fita, yunwa na kama shi yake dawowa ya buɗe min tukunya. Wata huɗu yana gari bai zo gida ba? Ba halinsa ba ne. Makullinsa na wuyansa, ko wanka ba ya cire shi."

Mai Makulli ya ɗauki tsumman ya sake ajiyewa.

Ta zuba masa ido. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, ya gani a fuskarta kamar yadda yake jin kuba ta saki a ƙarƙashin yatsansa.

"Ƙofar gida," ta ce. "Wata huɗu da suka wuce ka canja mana kuba. Ka ce tsohuwar ta fara cijewa."

"Na ce."

"Ba ta taɓa cije min ba."

"Ba ta cijewa."

"Malam, dube ni. Ya zo?"

Shekara arba'in yana shagon nan, bai taɓa jin ya yi masa ƙanƙanta ba sai yau.

"Ranar da suka buga min waya cewa ya gudu, ranar na canja. Na ce a raina in ya zo a buge fa? Ga ki da sanda, ga yayarsa ta zo wanka da jariri. Haka na gaya wa kaina."

"Ya zo?"

"Washegari. Da azahar. Kin raka yayarsa asibiti a duba cibiyar jaririn. Ni kuma na dawo ɗaukar tabarau."

"Kana ciki."

"Ina tsakar ɗaki na ji an sa makulli a ƙofa. Ba sai an gaya min ba. Makullinsa yana da wani ɗan ƙara in ya shiga, haƙori na uku ya ɗan fi tsawo. Ya murɗa, bai tafi ba. Ya zare ya sake sawa. Ya murɗa. Sau uku."

"Kana ina?"

"Bayan ƙofar. Tsakanina da shi katako ne kawai. Ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙasa. Ba takalmi."

Ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Hannuna na kan mariƙin. Wallahi yana kai. Ba buge yake ba, na san numfashinsa in ya sha, na san in bai sha ba. Garau yake. Wata uku bai sa komai a baki ba, ya taho gida da ƙafa daga bayan gari."

"To me ya hana ka?"

"Ba ke ba ce. Ba jaririn ba ne." Ya kawar da kai. "Fuskarsa na kasa. In na buɗe zai dube ni. Da wane ido zan dubi wanda na ce wa riƙe min ta ciki? Na ce bari in ɗan tsaya in nemi abin da zan ce. Minti ɗaya kawai. Ina nema, ina nema."

"Da ya buga ai maƙwabta sun ji."

"Bai buga ba. Kin san abin da ke hana ni barci? Kubar nan da na sa, Bahago zai buɗe ta da guntuwar waya kafin ki zura zare a allura. Na saurara in ji ya fara. Na ce in ya buɗe da kansa shi ke nan, ya hutar da ni. Bai taɓa ta ba. Duk ƙofar garin nan zai iya shiga ba izini, tamu ce kaɗai ya tsaya a buɗe masa."

"Ya yi magana?"

"Ya ce, Baba, ina jin ƙamshin man ƙarfe, na san kana nan."

"Ka amsa?"

"Ban amsa ba."

"Sai ya ce me?"

"Ya ɗan jijjiga mariƙin, yadda muke yi in mun gama aiki. Ya ce, aikin ya yi kyau. Ya kama, Baba."

Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo wata igiya baƙa da ta sha gumi. Makulli ne a jikinta.

"Ya turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa. Da na buɗe, layin ba kowa. Na bi har titi ba takalmi ni ma. Mai rake ya ce ya ga ya yi ta yamma, mai faci ya ce ta gabas."

Mama Tela ta miƙa hannu. Ya cire ya sa mata a tafi.

Makullin farko ne da yaron ya yanka a duniya, yana ɗan shekara goma sha biyu, ba da inji ba, da magagari, wato ƙarfen nan mai kaushi da ake goge haƙoran makulli da shi. Duk mai goga da dama, zanen da magagari ke bari yakan kwanta ta gefe ɗaya. Na Bahago ta ɗaya gefen yake kwanciya. Uban ya sha buge masa hannu a kan ya koma dama, har ya gaji ya ƙyale shi, daga baya ma ya koma yana nuna wa abokai yana taƙama: ku duba, duk garin nan ba mai wannan zanen sai ɗana.

Ta shafa haƙoran da babban yatsa.

"Ranar da ya yanka shi sai da ya sa na fita waje sau biyar yana buɗe min," ta ce. "Tuwona har ya kama."

Sannan ta miƙe ba tare da sandar ba, ta riƙe gefen kanta.

"Ina tsohuwar kubar?"

"Tana kabad. Duk sati ina sa mata mai."

"Yau za ka mayar da ita."

"Na yi tunanin haka tun washegari."

"To me ya hana?"

Ya nuna tafin hannunta da ido.

"Da me zai buɗe?"

Ta dubi makullin. Ta daɗe tana dubansa.

"To cire ƙofar."

"Maman yara..."

"Cire ta gaba ɗaya, ka jingine a bango. Ɓarawo ya shiga ya kwashi abin da ya ga dama, me ya rage a gidan? Wata huɗu ina kulle ƙofar nan da hannuna kowace rana, ina murɗawa sau biyu yadda ka koya min, ina cewa Allah ya tsare min ɗana a inda yake. Ashe ɗana nake kullewa a waje. Ka sa ni na yi, Malam. Ka ba ni makulli sabo fil ka ce ga naki."

"Ki yafe min."

"Ban da abin yafe maka da shi. Ni kaina ban samu ba."

A daidai nan inuwa ta tare ƙofar shagon.

"Salamu alaikum, Baba Mai Makulli, likitan ƙarfe. A'a, yau har da Mama? Kin zo duba ko yana ɓoye budurwa a kabad ne?"

Saje ne, ɗan sandan da aka kawo unguwar bai fi wata uku ba, mutum mai fara'a da son zolaya. Bai san suna da ɗa namiji ba ma. Ya ga rigunan a kan kanta ya ɗaga babbar.

"Kai, wannan ai ta ƙato ce. Mama in ba mai ita ni ina so."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ajiye rigar, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Ko in dawo?"

"Faɗi abin da ya kawo ka, Yallaɓai," in ji Mai Makulli.

Saje ya zaro ƙaramar leda daga aljihu.

"Aikinka ne na kullum. Ɗazu da rana mai shagon maganin da ke bayan tasha ya rufe ya tafi cin abinci. Wasu samari biyu suka zo suka buɗe da makulli, hankali kwance kamar shagon ubansu. Wata mai kitso ta gani ta yi ihu. Ka san mutanen tasha." Ya girgiza kai. "Kafin mu iso an gama da su. Fuska ba ta ganuwa, ba waya, ba takarda, ba wanda ya ce nasa ne. Ɗaya tun a mota ya cika, an kai shi ɗakin sanyi. Ɗayan yana saman bene a asibiti, an sa masa roba a hanci, likita ya ce ba ya ba da tabbacin yamma."

Mai gyaran waya da abokin gardamarsa sun riga sun matso bakin ƙofa. Wani mai babur ma ya kashe injinsa yana saurare.

"Wannan makullin a jikin ƙofar muka same shi. Yankan hannu ne, ba na inji ba. Kuma ɗayansu ne ya yanka, don mun tsinci ɗan magagari a ƙasa inda aka kayar da su, ba a san daga aljihun wa ya faɗo ba. Oga ya ce in kawo maka, ko ka san hannun, mu samu danginsu."

Ya juye ledar a kan ƙaramar rigar.

Mai Makulli bai nemi tabarau ba. Bai ma ɗauka ba tukuna. Hasken ƙofa ya faɗa a kan haƙoran, zanen ya fito ɓaro-ɓaro, kwance ta gefen da ba na kowa ba.

Aiki ne mai tsabta. Ko shi ba zai fi haka ba.

Ya ji numfashin matarsa a kafaɗarsa. Ta buɗe tafinta a hankali kusa da rigar, makulli biyu suka kwanta gefe da gefe, tsoho da sabo.

"Baba?" in ji Saje. "In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba dole. In wuce wajen na kasuwa."

Mai gyaran waya ya leƙo da kai. "Ai ba hannun da Baba bai sani ba. Baba faɗa musu, a san 'ya'yan wane marar tarbiyya ne."

Sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa yana tsaye a bakin ƙofa ya zuba masa ido. Kalma huɗu ce kawai, ban san shi ba, Saje ya ɗauki ledarsa ya tafi. Mai Makulli ya ji sanyin mariƙin nan a tafinsa, ya ga inuwar ƙafa ba takalmi. Ya ji kansa yana fara neman abin da zai ce, minti ɗaya kawai.

Ya ɗauki makullin.

"Na san hannun."

Saje ya zaro biro. "Wa ye?"

"Ni na koya masa." Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. "Ɗana ne. Bahago ne, da hagu yake goga. Ni ne uban. Rubuta."

Biron bai motsa ba. Mai gyaran waya ya janye kansa a hankali.

Mama Tela ta tattara rigunan gefe. Ta bar manyan ukun, ta ɗauki ƙaramar, ta farko, ta ninke ta rungume a ƙirji. Mai Makulli ya ɗauko mata sandar daga ƙasa, ta karɓa ba ta dube shi ba. Suka fito. Kwaɗon shagon na rataye a ƙusa, bai ko waiwaye shi ba.

"Baba, shagon a buɗe," in ji mai babur.

"Bar shi."

A kan matakalar ƙarshe ta tsaya, ta kama hannun rigar ɗan sandan.

"Ɗana, tsaya. Kai ka ɗauko su. Wanne ne bahagon a ciki? Na saman, ko wanda aka kai ɗakin sanyi?"

Saje ya cire hularsa, ya juya ta a hannu.

"Mama, ba wanda ya ɗaga hannu a cikinsu balle in sani."